Kayan Ɗakin Amarya da Jaka Sittin: Yadda Wata Uwa Ta Yi a Garwa

A watan Janairun 2024 aka sa ranar auren babbar 'yar wata maƙwabciyata a unguwar Yelwa da ke Garwa, a arewacin Kamaru, aka ce biki sai Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke an kai amfanin gona gida. Uwar yarinyar, wadda mu ƙannenta a unguwa muke kira Adda, ƙosai take toyawa da safe a ƙofar gida. Maigidanta ɗan goro ne a bakin babbar kasuwa, cinikin kuwa sai hamdala. Kamar yadda aka saba, aka raba nauyi: gado da katifa na uba, kwanuka da duk abin da ake shimfiɗawa ko ratayawa a ɗaki na uwa. Kwanuka ba su dame ta ba, don tun yarinyar tana ƙarama take saye ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Kayan yadi ne suka hana ta barci: zannuwan gado, lulluɓin gado, matasai da rigunansu, labulen ƙofa da na taga, tum-tum, da 'yan tarkacen da idan babu su ɗakin amarya yake zama fayau.

Ni ke riƙe da littafin adashinmu, kuma yawancin sayayyar tare muka yi, shi ya sa na san abin da ya shiga da abin da ya fita. Da izininta nake rubuta wannan. Mata da yawa suna ba wa juna labarin irin wannan aiki rabi-rabi, a faɗi kyan da ya yi a bar wahalar da ya ci, ko a ce an rage kuɗi ba tare da an nuna ta wace kafa aka rage shi ba. Wadda ta ji rabin labari ta kama aiki, ita ke shan wuya.

Kuɗin da ke hannu

Duk abin da Adda za ta iya haɗawa jaka sittin ne na sefa, wato sefa dubu sittin, kuma ba a dunƙule ba. Mu ashirin ne a adashin, kowa na zuba jaka ɗaya ranar Juma'a. 'Yan adashi suka yi mata kara suka ba ta kwasa a farkon Fabrairu. Kwasa ta biyu sai zagaye na gaba, cikin Agusta. Ashirin ɗin tsakiya kuwa kuɗin akuyarta ne da ta sayar a watan Yuni, gab da babbar salla, lokacin da dabba ke daraja. Ta shiga kasuwa ta taya duk abin da take bukata, ta dawo da lissafin da ya haura jaka 150 idan sababbi za a saya, masu matsakaicin kyau ma, ba na kece raini ba. Wani mai shago da suka saba ya ce ta kwashi kaya ta riƙa biya a hankali bayan biki.

Wanda bai san Garwa ba zai ɗauka yadi araha yake a nan, tunda garin auduga ne. Hedkwatar SODECOTON a nan take, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, kuma a nan CICAM, mai yin yadi, wadda ta fara tun 1965, ta kafa masana'antarta ta kaɗi da saƙa, a Duwala kuma ake buga wa yadin zane. Sai dai mafi yawan audugar da manomanmu ke nomawa ɗanyarta ake fitarwa ƙasashen waje. Abin da ya cika rumfuna atamfar Sin ce da kayan da ke shigowa daga Najeriya, sai gwanjo, wanda dilolinsa ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala sannan su hauro arewa. Mace mai jaka sittin rabonta yana wajen 'yan gwanjo da ƙarƙashin teburin tela.

Ƙanwar maigidan, wato goggon amarya, ita ta fi matsawa a karɓi bashin. Ta ce, "Yaya, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Yarinyar nan 'yar fari ce. So kike dangin miji su shigo su tarar an yi mata jere da tsumma?" Ba maganar banza ta yi ba, kuma ba na so a ɗauke ta mai son ƙarya. Duk wadda ta taɓa zuwa ganin ɗaki ta san ido ba ya barin komai, abin da aka faɗa a ranar kuma yana iya bin yarinya shekaru a gidan miji. Goggo tsoron wannan take yi wa 'yar ɗan'uwanta.

Adda ta ce, "Goggon yara, akwai biyu a bayanta. In na ci bashin wannan, da me zan fitar da su?" Ta san matar da aka yi sunan jikanta tana kan biyan kuɗin labulen bikin uwarsa.

Ita amaryar shiru ta yi kwanaki. Da ta buɗe baki abu ɗaya ta faɗa: "Inna, ni dai kada a yi mini dariya." Uwar ta yi mata alkawari cewa duk abin da aka ɗinka, idan bai kwanta mata ba, ba zai shiga ɗakinta ba. Wannan alkawarin ne ya tsara aikin gaba ɗaya, don ya mai da yarinyar mai zaɓe, ba wadda ake yi wa dabara a bayan ido ba.

Keke da ƙyalle

A kusurwar ɗakin Adda akwai tsohon keken ɗinki na ƙafa, Butterfly, gadon mahaifiyarta, an mai da shi wurin ɗora kaya. Mai gyara ya zo ya sake igiyar fatar da ke juya shi, ya sa sabon kwarkwaro, ya wanke shi da kananzir ya ba shi mai. Jaka biyar. Keken ƙafa ba ruwansa da wuta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin da lantarkinsa ya dogara da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗaukewar wuta takan yawaita, daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Teloli masu keken lantarki suna zaune suna jira, Adda tana taka nata a inuwar darbejiya.

Ɗinki miƙaƙƙe kaɗai ta iya, wanda ta koya tana budurwa. Ba ta iya yankan riga ba, ba ta iya sa hannu ko wuya ba. Bai hana komai ba, domin kayan ɗaki kusan dukkansu ɗinki miƙaƙƙe ne da kalmasa. Mata da yawa da ke da keke a gida suna jin sai sun yi shekara biyu a shagon tela kafin su taɓa shi, alhali labule da rigar matashi ba su bukatar haka.

Samun ƙyalle sai an san lokacinsa. A Kamaru teloli suna da kaka huɗu: bikin ranar mata na 8 ga Maris, wanda ake fitar wa atamfa ta musamman kowace shekara, sai ƙaramar salla, sai babba, sai komawar 'yan makaranta a Satumba. A 2024 azumi ya kama kwanaki kaɗan bayan 8 ga Maris, aka yi salla ranar 10 ga Afrilu, saboda haka tun daga tsakiyar Fabrairu kekuna ba su huta ba. Adda ta yi magana da teloli uku na kusa. Maimakon yaran shago su share su ƙone, sai su tura mata a buhu, ita kuma ta riƙa aika musu ƙosai, da azumi ya zo ta mai da shi na buɗa-baki. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma na ji daɗinsa: duk ragowar da ta kai a yi ɗankwali ta mai kaya ce, kada a sa mata a buhu. Ba ta son kayan auren 'yarta su haɗu da haƙƙin wani.

Tsince ƙyallen ne aikin da ba wanda ke ba da labarinsa. Buhu yakan zo da komai a cakuɗe, atamfa, shadda, leshi, yadin makaranta, har da gutsuren zif da ƙura. Suka kasa shi uku: wanda ya fi tafin hannu faɗi, dogaye sirara, da 'yan mitsi-mitsi. Daga nan sai raba auduga da yadin roba, don idan aka haɗa su a abu ɗaya, wanki na farko audugar za ta tsuke robar ta tsaya, ɗinkin ya tattare. Inda ido ya kasa ganewa sai a kai bakin ƙyallen ga ashana: auduga takan ci ta bar toka mai laushi, roba takan narke ta dunƙule ta yi tauri. Bayan haka wanki, kowane launi a bahonsa, da ɗan farin ƙyalle a ciki don a gane mai zuba. Ja da kore masu araha su suka fi ba da kunya. Sannan guga da dutsen gawayi, ɗaya bayan ɗaya, don ƙyallen da bai miƙe ba ba ya yankuwa daidai.

Amarya ta zaɓi launi uku kawai: shuɗi, ruwan ƙasa, da ruwan madara. Fiye da rabin abin da aka wanke aka goge ya fita daga lissafin lulluɓin gado saboda wannan zaɓi, Adda har ta yi ƙorafi. A ganina nan ne aka ci nasarar aikin. Ƙyallaye masu launi barkatai suna shelar cewa babu ce ta haɗa su. Launi uku da aka jera bisa tsari suna nuna cewa mutum ne ya zauna ya zaɓa. Atamfar 8 ga Maris, duk da yawanta a buhunan, ba ta fito fili ba ko sau ɗaya, saboda rubutu da kwanan watan da ke jikinta. Ta tafi a cikin tum-tum, inda ba mai gani.

Lissafin lulluɓin gado

Nan zan daɗe, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa.

An yanka ma'auni da kwali, santimita 12 kowane gefe. Ɗinki yana cin santimita ɗaya ta kowane gefe, saboda haka kowane gida yana fitowa santimita 10. Lulluɓin da ake so faɗinsa mita 2 ne, tsawonsa mita 2 da santimita 20. Wato gida 20 a layi, layi 22, jimla gida 440. Kowane ɗaya sai an ɗora kwali an zana da alli an yanka da almakashi, ana bin tsayin zaren yadin, don wanda aka yanka a karkace yakan miƙe a ƙarƙashin allura ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Ɗinkin da ke haɗa gidajen nan ya kai wajen mita 84, kuma bayan kowane layi sai an kwantar da bakin ɗinkin da guga kafin a ɗora na gaba.

Yanzu a duba yadin da ya shiga. Gida 440 masu santimita 12 sun tashi murabba'in mita 6 da ɗan ɗoriya, amma abin da ido ke gani a kan gado bai kai huɗu da rabi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya ɓuya a bakin ɗinki. Turmin atamfa mai yadi shida shi ma wajen murabba'in mita 6 ɗin ne. Ma'ana, duk wannan tsinta da wanki da guga da yanka da ɗinki, wanda ya ci yammacin Adda da na 'yarta tun daga Mayu har cikin Yuli, kuɗin turmi ɗaya ya tsare mata. Ba ina rage darajar aikin ba ne. Abu ne mai kyau ƙwarai, kuma babu irinsa a kasuwa. Amma duk wadda ta ce da lulluɓin ƙyalle aka rage kuɗin kayan ɗakin nan ba ta duba littafi ba.

Inda aka rage kuɗin da gaske a rumfar gwanjo ne, kuma aikin bai ci mako biyu ba. Da kuɗin akuya suka shigo, Adda ta yi ta bibiyar wani ɗan gwanjo har ya gaya mata ranar da zai fasa dilar kayan gado. Ta isa da sassafe ta zaɓi manyan zannuwan gado huɗu na auduga zalla, farare da ruwan madara, jaka biyu da rabi kowanne. Dabararta ita ce ɗaga zanen ta fuskanci rana: inda ya sha jiki haske yakan ratsa. Zanen gado a tsakiya yake mutuwa, gefunansa suna nan da ƙarfinsu. Biyu daga ciki tsakiyarsu ta fara laushi, sai ta tsaga su gida biyu, ta juya gefunan suka haɗu a tsakiya, tsohuwar tsakiyar ta koma baki aka yanke mafi raunin aka yi kalmasa. Uku suka zama zannuwan gado, na huɗu ya zama shafin lulluɓin. Labulaye masu kauri ma a wurinsa ta samu, jaka bakwai, dogaye ne irin na gidajen Turai, sun fi ƙofofinmu tsawo nesa ba kusa ba. Abin da aka rage daga ƙasansu shi ya zama jikin tum-tum biyu.

Sabon abu mai tsada guda ɗaya ta saya, da kwasar Agusta: turmin atamfa mai kyau, shuɗi da ruwan ƙasa, jaka 12, amarya ce ta nuna shi da hannunta. Ba a yi zani da shi ba. An yanka shi aka bi bakin zannuwan gadon nan uku da shi, aka yi fuskar rigunan matasai shida, aka bi ƙasan labulaye, ragowar ta rufe saman tum-tum. Duk inda ido zai fara sauka idan an ɗaga labule, sabuwar atamfa ce, kuma iri ɗaya ce, saboda haka ɗakin ya fito kamar a shago ɗaya aka saye shi rana ɗaya.

Matasan kwanciya audugar rimi aka cusa musu. Tun a Maris ta saye ta, lokacin da 'ya'yan rimi ke fashewa, daga hannun matan ƙauye a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi. Sai an cire ƙwayoyinta tas, in ba haka ba ɓera ya huda matashi yana nemansu. Aiki ne na ɗaure hanci da ɗankwali, kuma nesa da murhu, don audugar rimi ba ta jiran wuta ta zo kusa. 'Yan mitsi-mitsin ƙyallen da ba su ɗinkuwa su aka danna cikin tum-tum. Ga matashin kai sun yi nauyi da gudaji, ga abin zama kuwa nauyin ne ake so. Amarya da ƙawayenta suka yi saƙar kwarashi ta rufe kwanuka.

Zare, allurai da zif a wajen masu kawo kaya daga Najeriya ta saya. Tun da darajar naira ta faɗi daga Yunin 2023, mai sefa a hannu yana samun ƙananan kayan nan da sauƙi. Allura lamba 14 ta yi atamfa da zanen gado, labule mai kauri sai lamba 16 ko 18, wanda ya yi ganganci ya karya.

Ga yadda littafin ya nuna: gyaran keke jaka 5, audugar rimi 6, zare da allura da zif 4, zannuwan gwanjo 10, labulaye 7, turmin atamfa 12, yadi mara zane na buhun matasai da bakin lulluɓi 6, sabulu da gawayi da sitati 3, kuɗin babur da ɗan ihsani ga yaran shago 4. Jimla 57. Jaka uku da suka rage lalle aka saya da su.

Ranar jere

Amarya ta ce a ninke lulluɓin a ajiye shi a ƙafar gado, har a lokacin zuciyarta ba ta gama kwanciya ba. Ƙawayenta ne suka warware shi suka shimfiɗa, ta duba, ta ce a bar shi. 'Yan ganin ɗaki ra'ayinsu ya rabu. Wata daga dangin ango ta shafa ta tambayi inda aka sayo, da aka gaya mata ta ce ya fi dacewa da gadon yara. Maganar ta kai kunnen Adda, kuma ta yi mata zafi. 'Yan mata kuwa hoto suka yi ta ɗauka. Goggo ba ta sauya ra'ayi kan lulluɓin ba har yau, tana ganin da an sayi bargo an huta. Amma ita da kanta ta yaba zannuwan gadon da labulayen, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu shiga da fita da ya gane daga dila suka fito. An tashi biki ba a bin Adda ko dala.

Abin da ya biyo baya

Da a nan lamarin ya tsaya, da labari ne mai daɗi kawai. Hotunan suka zaga a WhatsApp, kafin ƙarshen Janairun 2025 mata biyar sun ce a yi musu irinsa. Adda ta sa jaka takwas, tana cewa ai ƙyalle kyauta ne, kunya ma take ji ta faɗi fiye da haka.

Shafi na gwanjo jaka biyu da rabi, yadin baki ɗaya da rabi, zare da sabulu da gawayi ɗaya. Biyar sun tafi. Saura uku, ladan yammacin mako uku, kuma yanzu ita kaɗai, mai taya ta yanka tana gidan miji. Ribar ƙosan 'yan kwanaki ta fi haka. Ƙyallen ma ya daina zama kyauta. Wasu matan unguwa sun fara nema, yaran shago suka sa wa buhu jaka ɗaya, ni kuwa ban ga laifinsu ba, don abin da ake nema yana da kuɗi. Ga shi ba lokacin salla ba ne, buhun ba ya cika, balle a zaɓi launi uku a watsar da saura. A na uku, mai kaya tana ta aike, Adda ta tsallake wankin wasu jajayen ƙyallaye. Wanki ɗaya aka yi masa jan ya malale cikin farin. Ta mayar da kuɗin, ta karɓi lulluɓin, aikin mako uku da kuɗin kayan duk suka tafi. Bayanta ya fara ciwo, zare kuma ya fara yi mata wuyar shiga allura idan la'asar ta yi sanyi.

Muka zauna da littafi. Na ce, "Adda, wancan na 'yarki ne, ba ki biya kanki lada ba kuma daidai ne. Wannan na kasuwa ne. Nawa kike so ki samu a yammaci ɗaya?" Ta daɗe ba ta amsa ba, don ba ta taɓa ɗaukar zamanta a kan keke abin sa wa kuɗi ba. Wannan ba halin Adda kaɗai ba ne. Mace za ta lissafa wake da mai da itace har dala, amma hannunta da idonta da bayanta ba sa shiga lissafi, kamar ba nata ba ne.

Abu biyu aka sauya. Na farko girman gida: santimita 22 a yanka, 20 a fito. Gida 110 ke nan maimakon 440, ɗinkin ya sauko ƙasa da rabi, abin da ke ɓuya a bakin ɗinki kuma ya koma wajen kashi ɗaya cikin shida. Matsalarsa ita ce irin wannan babban ƙyalle ba ya zuwa daga tela, sai dai a sayi manyan rigunan maza na gwanjo a yanki bayansu. Na biyu farashi: jaka 18, rabi a hannu kafin a taɓa almakashi. Yawancin masu nema suka janye, kuma suna da hujja, don bargon Sin mai laushi bai kai haka ba a kasuwa. Wadda ke son lulluɓin don kyansa ce kawai ta tsaya.

Abin da ya riƙe keken yana juyawa ƙananan kaya ne da ake gamawa a zama ɗaya ko biyu. Tum-tum, wanda ke cinye duk ƙyallen da ba shi da wani amfani. Matashin jariri. Gyaran zanen gadon da tsakiyarsa ta mutu, wanda matan unguwa ke kawowa yanzu maimakon su yar. Sai jakar cefane ta buhun shinkafa da ake lulluɓewa da dogayen ƙyallaye a sa mata hannu mai ƙarfi. Gwamnati ta hana siraran ledoji tun Afrilun 2014, kuma ko da yake ba su ɓace daga kasuwa ba, mata sun gaji da ledar da ke fashewa da tumatir a tsakiyar hanya. Jakar ba ta da riba mai yawa, amma kuɗinta a hannu ne, kuma ba a mayar da ita.

Idan aka tambaye ni ko Adda ta yi daidai da ta ƙi bashin, zan ce ta yi, ba tare da jinkiri ba. Amma abubuwa uku ne suka haɗu mata: wata goma kafin biki, keke a ɗaki, da 'ya mai taya ta kuma mai faɗin abin da take so. Wadda aka sa wa rana wata biyu, ko wadda za ta biya tela ya haɗa mata gida 440, ba zan ba ta shawarar lulluɓin ƙyalle ba ko kaɗan. Ta je gwanjo ranar fasa dila, ta sayi turmi ɗaya mai kyau ta bi bakin komai da shi, ta cusa matasanta da kanta. Nan kaso mafi girma na ragin yake, kuma ko da keken aro ana iya yinsa.

Ta biyun 'ya'yan Adda ta kusa isa, ita ke yanka yanzu bayan ta dawo daga makaranta. An riga an ajiye mata zannuwan gwanjo biyu a akwati, audugar rimi kuma sai Maris mai zuwa. Ta gaya wa uwarta tun da wuri cewa ita bargon kasuwa take so, ba na ƙyalle ba. Adda ta amince, ta ce in rubuta kuɗinsa a kwasarta ta gaba.